Zangarniya Sittin

Ni Ibrah, shekara arba'in da ɗoriya ina fidda iri a gonata da ke yamma da Filinge, kuma ba a taɓa maido mini da irina an ce bai tsira ba. Har daga Damana ake zuwa nemansa. Na faɗi wanga tun farko don a san wane ne anka sa ya ɗauki abin kunyarsa a cinya ya ratsa kasuwar Baleyara da shi, a kuma san wanda ya sa shi.

Samiratu jikata ce, ɗiyar babban ɗana da ya rasu tana da shekara shida. A hannuna ta tashi, ni da matata Laraba. Ni lakwal, makarantar boko, aji uku na yi, ubana ya fidda ni ya miƙa mini hauya. Ita kuwa ta yi ta tafiya har ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ta shiga jami'a can Yamai tana karatun halittu, tsirrai da dabbobi. A zuri'armu kaf babu wanda ya taɓa kai nan.

Shekarar farko lafiya lau. A ta biyu ta gamu da wani malami, Mushe Yazid, wato Malam Yazid a bakin masu Faransanci, mai koya musu yadda halitta ke sauyawa daga zamani zuwa zamani. Yara ba su kiransa da sunansa. Lauje suke ce masa, don yadda yake kwashe su ranar jarrabawa. Duk hutun da ta zo gida, labarinsa muke ji. Wai yaro zai hardace kaye, littafin da suke rubuta darasi, tun daga bangon farko har na ƙarshe, ya shiga ɗakin jarrabawa, sai mutumen ya aje musu busasshen ganye biyu ko ƙoƙon kan jaki a bisa tebur, ya ce su rubuta dalilin da ya sa abin yake haka. Wai in ƙarfe takwas ta buga yana rufe ƙofa, ko ƙafarka ɗaya ta shiga. Cikin yara ɗari uku, arba'in ke tsallakewa. Samiratu shida ta samu bisa ashirin, ta maimaita aji. Dokarsu kuwa ita ce, wanda ya maimaita ya sake faɗuwa, ya kwashe tabarmarsa.

Tun lokacin nake jin haushin mutumen, ban ma taɓa ganinsa ba. A ce ka ba yaro littafi ya karanta, sa'an nan ka tambaye shi abin da ba ya ciki? Wane irin aiki ne wanga?

Da kaka ta kama, hatsi ya nuna ba a fara yanka ba, sai ta kira ni a waya.

"Tsoho, ka aje abin da kaka yi ka saurare ni."

"Ina jin ki, mai lakwal."

"Lauje yac ce bana rabin jarrabawa gona take. Kowa shi kawo awon zangarniya sittin daga gonar gidansu. Ni ba ni iya zuwa, muna darasi kullum. Kai za ka yanko min."

"Sittin kawai? Dami biyu zan aiko."

"Sittin. Kuma ji yadda za ka yi. Ka tsaya bakin gona daga gabas, ka miƙe yamma. Duk taki goma, ka yanke wadda ke kusa da ƙahwarka ta dama. Ko mi ta zan. Kada ka duba, kada ka zaɓa."

"Ni za ki koya ma yankan hatsi?"

"Na san halinka, shi ya sa. Don Allah, Tsoho, kada ka zaɓa."

Na yi yadda ta ce. Wanga in faɗe shi, don kada wani ya ce ban yi ba. Washegari da hantsi na tsaya bakin gona, na miƙe, ina ƙirga taki ina yanka, ban duba ba. Da sunka cika sittin na zube su a gindin gawo, na tsaya a kansu.



Gonar da in ka hango ta daga hanya sai ka rage tafiya, ga abin da ta ba ni. Wata zangarniyar ba ta kai tsawon tafin hannu ba. Wata tsutsa ta yi mata hanya tun daga gindi har kai. Wata tsuntsaye sun cinye rabinta. Tara daga ciki kuwa shibra ce, hatsin banzan nan mai gashi-gashi da ƙananan ƙwaya, wanda da ya nuna yake kakkaɓe kansa ƙasa. Tara, a gonar Ibrah.

Mu a nan, abin da ya fita daga gidanka zuwa hannun baƙo fuskarka ce. In za ka aika wa suruki hatsi, ko malami, ko wani babba, ba ka ɗibar na bakin rumbu ido rufe. Zaɓa kake. Wanda bai zaɓa ba, ko dai matsiyaci ne ko mara tarbiyya. To ga babban malamin jami'a zai ga hatsin ƙasarmu ta Kurfai a karon farko, da sunan jikata a kai, sai in aika masa da shibra? Ya ce daga wane gida yarinyar ga ta fito?

Na ɗaure tarkacen da igiya, na kawo gida, na jefa bisa rumfa inda nake aje harawa. Na koma gona na shiga fidda iri yadda na saba. Kowace zangarniya sai na gwada ta da hannuna: kamu ɗaya da yatsa huɗu. Wadda ta gaza, na bar ta. Wadda ta zarce ma na bar ta, don mai tsawon tsiya ba ta cika ƙwaya har kai. Na fidda sittin, jajaye, cikakku, sai ka ce uwa ɗaya ta haife su rana ɗaya.

Laraba tana tankaɗe a tsakar gida, ta dubi damin ta dubi rumfa.

"Malam, ba haka yarinya tac ce ba."

"Ke ka noma gonar ko ni?"

Ta ci gaba da tankaɗenta. Na ba mai mota ya kai Yamai.

Da saƙon ya isa Samiratu ta kira. Ba ta ko gaishe ni da kyau ba.

"Tsoho, ka zaɓa?"

"Daga gonata sunka hito, ko ba su yi miki ba?"

Ta ce, "To. Jibi za mu kai takarda." Ta kashe.

Ban yi mata ƙarya ba. Haka na gaya wa kaina a lokacin.

Mako uku da wanga, mun gama yanka mun ɗaure mun kai rumbu, shanu sun shiga karan gona, sai ga wayarta kuma. Muryarta a bushe, kamar mai karanta wasiƙar wani.

"Ya ba ni sihili. Yac ce a ɗaki na zauna na ƙirƙiro awon da kaina. Ya kai sunana konsai, ran Litinin za su zauna. In sunka yarda da shi, kora ta."

Konsai shi ne zaman da manyan makaranta ke yi a kan ɗalibin da anka kama da maguɗi.

"Ki kai mai hatsin shi gani da idonai."

"Babu shi. Da na gama awo munka sussuke ni da 'yan ɗakinmu, munka yi kunu. Wa ya san za a nema?"

Ban ji sauran maganarta ba. Jikar Ibrah ce za a kira maƙaryaciya? Yarinyar da ko allura ta tsinta a hanya sai ta bi gida gida tana cigiya? Ran Alhamis da sassafe na sa babbar rigata, na ɗauki sandata, na shiga motar Yamai. Tun daga Filinge har munka isa ina shirya abin da zan gaya wa mutumen nan, kuma duk wanda na shirya sai in ga bai kai zafin da nake so ba.

Na iske ta bakin ƙofar makaranta tana jirana, ta rame.

"Tsoho, don girman Allah ka koma. Ba a shiga buronai haka nan."

"Nuna min ƙohwar."

"In kac ce mai wani abu, ni za ta ƙare ma."

"Da ba ta ƙare miki ba? Wuce mu tahi."

Buron nasa ƙaramin ɗaki ne, takardu har bisa taga. Mutumen da ke bayan tebur siriri ne, gajere, da tabarau, hannun rigarsa duk alli. A haife na haife shi. Na yi sallama, ya amsa bai ɗaga kai ba. Bai tashi ba, bai ce in zauna ba. Na jawo kujera da kaina.

"Kai na Mushe Yazid?"

"Ni ne, Baba. Lafiya?" Hausarsa ta mutanen gabas ce.

"In da lahiya da ban baro gida ba. Ni na kakan yarinyar ga. An ce kana koya ma ɗiyan mutane wai kakansu biri na. To ga nata kakan ya zo, ka dube ni da kyau."

Sai a sa'an nan ya ɗago. Ya dube ni, ya dubi Samiratu da ke tsaye jikin ƙofa.

"Baba, ni ban tambaye ta biri ba. Gero na tambaye ta, ta kawo mini ƙarya."

"Maimaita."

"Ƙarya." Ya jawo wata takarda daga ƙarƙashin tulin, ya juyo ta gabana. "Kana karatu?"

"Lamba dai ina ganewa."

"To duba. Zangarniya sittin. Wannan tsawonta santimita hamsin da biyar, wannan hamsin da shida, wannan hamsin da biyar, wannan da bakwai. Har ƙasa. Babu gajera, babu doguwa, babu mai ciwo, babu shibra ko ɗaya. Shekara goma sha tara ina awon gero a ƙasar nan, daga gabas har yamma. Babu gonar da ke haihuwar wannan. Yaran da suka yi aikin da gaske, takardunsu a hargitse suke, don haka gona take. Wannan kuwa wanda ya zauna a kan katifa ne ya rubuta ta."

"Gonata ta haihe su."

"To gonarka ma ƙarya take."

Na miƙe tsaye. Sandata ta bugi tebur, wasu takardu sunka zube. Samiratu ta ce, "Tsoho," a hankali. Ban kula ta ba.

"Kai yaro, ka san da wa kake magana? Tun ba a yi ma kaciya ba nike hidda iri. Waɗanga sittin da kaka raina ma, ni na gwada su da hannuna ɗaya bayan ɗaya. Wuni guda na yi cikin rana ina zaɓe, don kada in aiko ma abin da zai zubda mutuncin gidana. Ladan da za ka ba ni ke nan, ka kira jikata maƙaryaciya?"



Ya cire tabarau a hankali ya aje. Ya juya ga Samiratu.

"Na tambaye ki sau biyu yadda aka yanko. Me kika ce mini?"

Idonta na ƙasa. "Na ce kakana ya yanko yadda na gaya mai."

"Kin san an zaɓa?"

"Na yi zato."

"Me ya hana ki faɗa?"

Ni na san abin da ya hana ta. In ta faɗa, ta ce wa baƙo kakanta ya yaudare ta ke nan. Ta gwammace a kira ta maƙaryaciya da a kira ni. Na tsaya nan da babbar rigata, ban san inda zan sa idona ba.

Da mai mutunci ne, a nan zai yi shiru ya bar tsoho da abin da ke ransa. Wanga bai bari ba.

"Baba, ka san abin da ka yi? Na aiki yarinya ta gano mini yadda gonarka take, kai kuma ka aiko mini da yadda kake so a ce take. Ka ɓata mata aikin shekara don a yabe ka. Ni ban san ka ba, ba zan kuma yabe ka ba. Ita ce za a kora."

"Laihina na. Ka hidda sunanta."

"Da wace shaida? Ran Litinin in gaya wa mutum bakwai cewa wani tsoho ya zo ya bugar mini tebur? Kowane ɗalibi yana da kaka. In na karɓi wannan, gobe layi za su yi a ƙofar nan. An gama girbi a wajenku?"

"An gama."

"To shi ke nan."

"Na harin suna nan," na ce.

"Waɗanne?"

"Waɗanda na yanko yadda tac ce. Taki goma goma. Suna bisa rumhwa."

Ya maida tabarau.

"Litinin, kafin takwas. Sittin cif, yadda suke. Kada a cire ko ɗaya, kada a ƙara, kada a karya. In na ga alamar hannunka ya sake shiga, ni da kaina zan karanta sunanta a konsai. In sun zo daidai, ta auna a gabana, in yi mata tambaya da baki. Ta amsa, ta zauna. Ta kasa, ta tafi. Takwas nake rufe ƙofa."

Na fito ban yi masa sallama ba. A waje Samiratu ta bi ni a baya har bakin titi. Da mota ta zo na ce mata, "Da kin hwaɗa mai tun harko."

Ta ce, "Da ka hwaɗa min tun harko."

Yarinyar da na goya. Na shiga mota.

Ran Juma'a da na isa gida na sa tsani na hau rumfa. Damin na nan ƙarƙashin harawa, ya bushe ƙayau, ɓera ya ɗan taɓa gefe. Na sauko da shi, na kwance, na ƙirga. Sittin. Hannuna ya kai kan wata shibra da ta fi sauran muni, duk ta zube sai tsinke. A cikin rumbu ga dubunta masu kyau, taki biyar tsakani.

Laraba tana bayana ban sani ba.

"Malam, in ka taɓa ta, ni zan kira yarinya in gaya mata."

Shekara hamsin muna tare ba ta taɓa yi mini magana haka ba. Na ɗaure damin yadda yake.

Lahadi na kama hanya. Ba a sa shi a buhu, zai kakkarye. Ba a ɗora shi bisa mota, awaki ne a can. Na naɗe gindinsa da tsohon zane na riƙe a cinya, kawunan a waje. Ranar kuwa kasuwar Baleyara ke ci. Mai mota ya tsaya tsakiyarta ya ce kowa ya sauka zai sake lodi.

Na nemi inuwa na rakuɓe. Ban kai ga zama ba na ji an ce, "A'a, Baba Ibrah, kai na yau a kasuwarmu?"

Sahabi ne, dillalin hatsi. Duk shekara shi ke sarin irina ya kai ƙauyuka yana cewa na Ibrah ne. Bakinsa kuwa ba ya riƙe komai. Munka gaisa, idonsa na kan cinyata.

"Mi kaka riƙe haka kamar jinjiri? Sabon iri na anka hiddo muna?"

Kafin in hana ya ɗaga zanen. Ya ja baya. Ya kira na kusa da shi. "Ku zo ku ga abin da tsoho ya tsinto." Mutum biyar ko shida sunka matso, duk manoma, biyu na san ubanninsu.

"Wanga ai ko jaki sai ya yi shawara kahin shi ci," in ji wani.

"Baba, wane rago na ya ba ka? Hwaɗa muna mu san gonar da za mu kauce ma."

Da na ce na maƙwabci ne, da an yi dariya an watse. Har sunan wanda zan ɗora wa ya zo mini baki.

Na ce, "Nawa na."

Sahabi ya yi dariya. "Naka wane?"

"Daga gonata. Wadda kaka sayen irinta. Taki goma goma na yanko, ido ruhe. Ku ma ku je ku gwada a naku, in kuna da zuciya, sa'an nan ku zo ku yi min dariya."

Babu wanda ya ce zai gwada. Amma na ga yadda Sahabi ya ƙirga shibrar da ido, na kuma san kafin la'asar labarin ya kai Damana. Na koma mota na zauna ina tsine wa tabarau da alli da duk wanda ya ƙago jarrabawa.

Litinin tun bakwai da rabi muna ƙofarsa. Ya zo ya buɗe, ya share tebur da hannu, ya ce a zube. Ya ƙirga da kansa. Ya ɗauki shibrar nan da ta zube ya juya ta, ya ce, "Yanzu na ga gona." Ya miƙa wa Samiratu abin awo. Ta yi ta aunawa tana rubutawa. Ni ina kujera a kusurwa, babu wanda ya ce in fita.

Da ta gama ya yi mata tambaya da Faransanci. Ta fara amsawa, ya ɗaga hannu.

"Wannan daga kaye kika ɗauko, na san shafin. Ga mai gonar nan zaune. Gaya masa da Hausa. In bai gane ba, kin faɗi." Ya juyo gare ni. "Abin da na tambaye ta, Baba: shekara arba'in kana zaɓen iri, ba ka taɓa shuka shibra ba. To me ya sa har yau take fitowa a gonarka?"

Wanga tambaya na sha yi wa kaina ita. Na ɗauka ƙasa ce ke ɓoye ta.

Samiratu ta dube ni.

"Tsoho, in kana hidda iri, uwa kaka gani. Uban ba ka ganinai."

"Hatsi na da uba?"

"Bununi. Garin nan mai ruwan ɗorawa da ke zuba ma a riga in ka ratsa gona hatsi na hure. Iska ka ɗaukar shi daga wagga zangarniya zuwa waccan, da shi ƙwaya ka samuwa. Shibra tana riga sauran hure, kuma ba ka cire ta, don Inna na yanka ta muna hura kahin sabon hatsi shi nuna. To bununinta ya riga ya hwaɗa kan zangarniyar da kaka alhwahari da ita. Kai ka gwada ta da kamu ka ga ta cika, ka aje. Cikin ƙwayarta akwai ɗiyan shibra. Kai da hannunka kaka shuka ta duk shekara."

A gaban baƙo ta faɗa mini haka. Na buɗe baki in tsawata mata, sai na tuna rigata da ke yin rawaya duk watan da hatsi ke fure, da Laraba da ƙwaryarta tana bin gona tana yankan shibra.

"Ka gane, Baba?" in ji shi.

"Ci gaba da tambayarka."

"Ka gane ko ba ka gane ba? Makinta na bakinka."

"Na gane."

"Saura ɗaya. Geron da yake shukawa yau, shi ne wanda ubansa ya ba shi?"

"Shi na," na ce. "Ban taɓa sauya iri ba."

"Ba kai na tambaya ba."

Samiratu ta ce, "Tsoho, kai kac ce min zamanin babanka sai an ga wata huɗu kahin a yanka. Yanzu kwana nawa?"

Na yi lissafi a zuci. "Bai kai ba."

"Shekarun da ruwa ya ɗauke da wuri, wace zangarniya ka cika?"

"Mai saurin nuna."

"Ita kaka zaɓa, don ita ta cika. Baɗi ɗiyanta ka yawa a gona. Haka haka har shekara arba'in. Sunan iri bai sauya ba, amma hatsin ya sauya, kuma kai ka sauya shi ba ka sani ba."

Mushe Yazid bai ce madalla ba, bai ko gyaɗa kai ba. Ya jawo takardar farko mai sifili, ya ja mata layi, ya rubuta a sabuwar. Ya ɗauki waya ya yi magana da wani da Faransanci a taƙaice. Samiratu ta rufe fuska da gyalenta.

"Mi yac ce?"

"Ya janye sunana daga konsai."

Na miƙa wuya na dubi takardar. Lamba dai ina ganewa. Goma sha ɗaya.

"Sha ɗaya? Bisa ashirin? Yarinya ta amsa ma duk abin da ka tambaya, ta tona min asiri gabanka, ka ba ta sha ɗaya?"

"Goma ake nema, Baba. Ta makara da mako uku, kuma ta ga alamar an zaɓa ta yi shiru. Wanda zai yi aikin nan ba ya yin shiru don kunyar kowa."

"Ko kakanai?"

"Musamman kakansa."

Na tashi na fara tattara hatsina. Ya dafa damin.

"Wannan ya zauna. Da shi zan yi wa 'yan baɗi jarrabawa."

"Da sunan wa?"

"Ba na sa suna."

"Ka sa," na ce. "Baleyara duk sun gani, yaranka na za a ɓoye ma? Ka rubuta Ibrah, Filinge. Ka kuma rubuta tara ta shibrar, kada wani shi ƙara min."

Samiratu ta raka ni tasha. Ta so ta riƙe mini sanda, na hana. Da mota ta kusa tashi ta leƙo ta taga.

"Tsoho, baɗi ma shi ka koya muna."

"Wa?"

"Lauje."

Na ce wa mai mota ya ja mu tafi. Sha ɗaya. Har yau in na tuna sai in ji abinci ya fita raina.